Kwalin Malamar Bayoloji

Aikin farko: buɗe ɗakin gwaji, duba bayan katanga.

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu tattara. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran Malamar Bayoloji ta makarantarmu, bayan jinyar kwana tara. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ƙarƙashinta, ni ke wanke kwalaben gwaji, ni ke riƙe makullai. Ban iya ta'aziyya ba. Littafin ayyukan yau da kullum na saba rubutawa, a cikinsa kuma nake rubuta wannan.

Malama, yara suna kiranki Mai Kwali, kin sani, ba ki taɓa damuwa ba. Kowace safiya kafin a kaɗa ƙararrawa mukan bi bayan katangar banɗakin maza, ke da safar hannu, ni da tsintsiya. Kwalaben maganin tari, katin ƙwaya da aka ɓare tas, gwangwanin sholisho, duk ki zuba a kwali. Sau ɗaya a zango, ranar Asabar, ki juye shi a kan tebur gaban iyaye. Ina tuna wani direba da ya ɗaga wata roba ya ce, "Wannan ai lemo ce, Malama." Kika ce, "Shinshina, baban yara." Ya shinshina, ya ajiye, ya nemi kujera. Sai da aka tashi ya ce miki sati uku ke nan yana ganin irinta a ƙarƙashin gadon ɗansa.

Ba kya yi wa yara ƙarya. Da shugaban makaranta ya ce a faɗa musu a layi cewa ƙwaya ɗaya tana haukata mutum, kika ce, "Ranka ya daɗe, rabinsu sun ga abokinsu ya sha kuma ya ci ƙwallo biyu. In suka kama mu da ƙarya ɗaya, gaskiyarmu ma ba za su ƙara saurare ba." Kika zana huhu da hanta a allo, kika nuna musu yadda abin ke rage numfashi a hankali. Kika koya musu cewa in aboki ya faɗi, su kwantar da shi ta gefe su kira babba, kuma ba za a hukunta wanda ya kira ba. Akwai yaron da yake raye yau saboda wannan darasi. Wanda aka kama kuwa, ba kya zaunar da shi a ofis. Fili kuke zagawa tare, yana magana kina ji.

Yanzu sai abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. Wata biyu da suka wuce na ga katin ƙwaya a cikin safar babban ɗana, ɗalibinki mai shekara sha biyar. Irin wadda likita ya rubuta wa mahaifiyata ce don ciwon gwiwa. Ban ce masa komai ba. Na shiga ƙirga na Hajiya ina rubutawa: Litinin sha takwas, Alhamis sha biyu, alhali ɗaya take sha a rana. Na kawo miki littafin. Kika duba kika ce, "Kai dai ko gida ya kama da wuta sai ka rubuta lokaci tukuna."

Na ce ki yi masa magana.

Kika ce, "Na riga ka. Sau biyu mun zaga fili. Amma ni awa shida nake da shi, sauran naka ne. Kada ka fara da sanda, kada ka fara da wa'azi. Ka ce masa, na gani, ina jin tsoro, gaya mini."

Na ce sai an gama jarrabawa. Aka gama, na ce sai sakamako ya fito. Da na je duba ki a asibiti, ko gaisuwa ba ki bari na ƙarasa ba kika ce, "Ka tambaye shi?" Na ce gobe. Kalmar ƙarshe ke nan da kika ji daga bakina.

Ranar da aka kai ki makwanci, ɗan nawa yana tsaye kusa da ni idonsa ja. Har yanzu ban sani ba ko kuka ne ko ɗaya abin ne, kuma rashin sanin nan shi ke hana ni cin abinci. Yau na bi bayan katanga ni kaɗai, na tsinci kwalba shida. Shugaba ya ce daga yanzu duk wanda aka kama kora ce, kwalin kuma in ƙona shi. Ina tsoron in yi magana yaron ya rufe bakinsa gare ni har abada. Ina tsoron in yi shiru, wata safiya in je tashinsa sallah ya ƙi motsi. Da kina nan da na ce ki zaɓa mini, da kuma kin ce ai tuntuni kin zaɓa.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Yaran da kika tsamo, Allah Ya sa su zame miki shaida. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki mata uku, da mahaifiyarki, da ɗalibanki. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Gobe, in Allah Ya kai mu:

Sa wa akwatin maganin Hajiya kwaɗo.

Roƙon shugaba ya bar kwalin har taron iyaye. In ba wanda zai juye shi, ni.

Gaya wa maman yara.

Bayan la'asar, zaga fili da shi. Littafin ya zauna a gida.