Wurin Bakin Ƙofa

Yayana baduku ne, sirdin raƙumi yake ɗinkawa a kasuwar Agadas, kuma bakinsa da hannunsa ba sa jiran juna. Ya mari wani gardi, dogarin gwamnati, aka kai shi kaso. A da, mari irin wannan bai wuce mutum ya yi ƴan makonni yana ɗebo ruwa ba. Amma a shekarun farko na ƴancin kai hukunci ya yi tsawo, ana ta zuba mutane ba a fitarwa. Shi shekaru aka yanke masa.

Ni nake kai masa fura daga unguwarmu ta Dagmanet. Ɗakinsu na laka ne, ba taga, iska sai ta ƙarƙashin ƙofa. Fursunonin suka yi wa kansu doka: sabon zuwa can ƙurya kusa da tukunyar fitsari, wanda ya fi daɗewa shi ne a bakin ƙofa. In wani ya fita, kowa ya matso gaba.

Yayana kuwa yana da ciwon ƙirji tun yana yaro. Da bazara ta shigo, sai ya fito karɓar ƙwarya yana numfashi kamar zugazugin maƙeri.

"Yaya, ina ka kai?" nake tambayarsa.

"Ina tsakiya, ƙanwata. In na kai ƙofa na warke."

Mu matan da ke jira a gindin katanga duk mun san layin nan. Ba a sallamar kowa, don haka in an matso, to gawa aka fitar. Ranar da wani tsoho Buzu ya rasu, mun yi salati, muka koma gida da saurin ƙafa, don namu sun matso. Na tsani abin da wurin nan ya mayar da mu, har yau ina jin haushinsa.

Kafin damina yayana ya ce mini saura kaɗan, har yana hango ƙafafun gardi ta ƙasan ƙofa. Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Wata safiya na makara. Wata maƙwabciyarmu, wadda mijinta ke bin bayan yayana a layin, ta riga ni zuwa. Na hango ta tana dawowa fuska a sake.

"An matso," ta ce. "Maigidana ya ce jiya ya sha iska."

Sai ta dubi ƙwaryar da ke kaina, ta tuna wanda ke gaban mijinta, ta rufe bakinta da mayafi.