Cibiyar Salifu

Ilya mutumin Damagaram ne, haifaffen unguwar Birni, kuma na san shi tun makon da ya sauka Lyon da akwati ɗaya da rigar sanyi wadda ta fi ƙarfinsa. Ni tela ne a unguwar La Guillotière. Karatun boko sai da furfura ta fito mini na koye shi, saboda haka ba na ɓata tawada a kan abin da ban gani ba, ko ban ji daga bakin mai shi ba.

Karatun tarihi ne ya kawo shi jami'ar da ke Bron, a gefen Lyon. Da safe yana sauke kwalaye a shagon wani Balarabe, da rana yana ɗakin karatu, wani lokaci kuma ya hau motar bas zuwa Paris don duba tsofaffin littattafan Larabci, ya kwana a ɗakin 'yan uwa a Barbès. Duk wannan wahala a kan mutum ɗaya yake shan ta, wato Saljuk, wani shugaban Turkumawa makiyaya da ya rayu fiye da shekara dubu da ta wuce. Kamar yadda Ilya ya sha gaya mana, mutumin ya saɓa da sarkinsu, ya kwashe jama'arsa da raƙuma da tumaki, ya sauka wani gari mai suna Jand a bakin kogi. A can ya musulunta, a can ya tsufa, a can ya mutu. Jikokinsa ne suka kafa daular da ta ɗauki sunansa, har ikonsu ya kai Bagadaza.

Moustapha mai gyaran waya, wanda shagonsa ke jikin nawa, ba ya ganin Ilya ya ƙyale shi.

"Malam Ilya, wannan Bafulatanin naka har yanzu bai sallame ka ba?"

"Na gaya maka ba Bafulatani ba ne."

"Yana da tumaki? Yana yawo? To shi ke nan, Bafulatani ne. Ka gaishe shi, ka ce ya ba ka digirinka ka tafi."

A Lyon Ilya ya auri Zouera, 'yar Maradi mai karatun haɗa magunguna. Allah ya ba su ɗa namiji, aka raɗa masa Salifu, sunan marigayi mahaifin Ilya. To gidansu Ilya suna da wata al'ada. A tsakar gidansu na Birni akwai tsohuwar tsamiya, kuma duk ɗan da aka haifa musu, idan cibiyarsa ta faɗi, ubansa ne zai tona gindin tsamiyar da hannunsa ya binne ta. Ba a aika ta, ba a wakilta kowa. Sun yarda cewa yaron da ba a yi wa haka ba, zuciyarsa ba za ta san gida ba. Da cibiyar Salifu ta faɗi, Zouera ta naɗe ta a auduga, ni kuma na ɗinka mata 'yar jaka da ƙyallen shadda. Ilya ya ce da hutun damina zai kai ta.

A wannan daminar aka yi juyin mulki a Yamai. Jirage suka daina zuwa kai tsaye, daga baya ofishin jakadancin Faransa ya rufe. Katin zaman Ilya kuma ya ƙare a daidai lokacin, ya koma riƙe takardar wucin gadi wadda ake sabuntawa bayan 'yan watanni. Tafiya gida ba ta gagare shi ba, dawowa ce ba ta da tabbas. Idan ya tafi, yana iya barin mata da ɗa da aikin shekaru a bayan teku. Idan ya zauna, cibiya tana cikin aljihu.

A aljihun ta zauna kuwa. Na sha ganinsa a cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, yana dafa ƙirji don ya tabbatar tana nan.

Mahaifiyarsa, Hajiya A'i, tana kira kowace Juma'a, wani lokaci yana shagona.

"Ina mijin nawa? Ba ni shi," in ji ta, tana nufin jikan.

Yaron ya fara magana a lokacin. Ya leƙa wayar ya ce, "Bonjour, Mamie."

"Ka ji ko, Ilya? Miji yana gaida matarsa da bakin Nasara. Laifinsa ne? An bar cibiyarsa tana yawo a mota."

Ta yi dariya, mu ma muka yi. Ilya bai yi ba.

Moustapha ya ba shi shawara ya sami gindin itace a wani lambun Bron ya binne, tunda ƙasa duk ta Allah ce. Ban taɓa ganin Ilya ya fusata ba sai ranar.

"Ka san abin da nake karantawa kullum? Mutumin da ya sauka bakin kogi, wataƙila da niyyar kwana kaɗan. Jikokinsa suka mallaki rabin duniya, ban ga inda aka ce ɗaya daga cikinsu ya koma ya zauna inda kakansu ya fito ba. Ni ban zo kafa gida a nan ba, Moustapha. Karatu na zo yi."

Bara Hajiya A'i ta kwanta ciwo. Da ta ɗan sami sauƙi, ta sa aka kai ta gindin tsamiya, ta ɗebi ƙasa da hannunta ta cika gwangwanin madara, ta ba wani ɗan kasuwa da zai biyo ta Istanbul. Ilya ya je har Barbès ya karɓo. Saƙonta gajere ne: ta gaji da jira, ya binne cibiyar a ƙasar nan da hannunsa kamar yadda ubansa ya binne tasa.

Mako biyu gwangwanin yana kan tebur bai taɓa shi ba. Zouera ce ta sayo tukunyar shuka ta roba, ta ajiye a gabansa.

"Tukunya dai ana ɗaukarta," ta ce. "Ba a Faransa za ka binne ba. Ka binne a Birni, Birnin ne ke zaune a baranda."

An gayyace ni shaida a gidansu, hawa na bakwai. Ƙasar ba ta kai rabin tukunya ba. Zouera ta kawo ƙasar kanti don a cika, Ilya ya hana. Ya tona da yatsa biyu, ya yi bisimilla, ya sa cibiyar, ya rufe. Hajiya tana kallo ta waya. Ta ce, "To, madalla. Saura ka kawo mini tukunyar."

Har yau da nake rubutu takardarsa ta wucin gadi ce, littafin Saljuk kuma saura babi ɗaya, kamar yadda yake bara. Zouera ta so ta shuka ƙwallon tsamiya a tukunyar, ya ce a'a, kada wani abu ya yi saiwa. Idan an yi ruwa yakan fita da sauri ya shigo da ita ɗaki, don kada ƙasar ta zube. Jakar shaddar kuma, ko da babu komai a ciki, tana aljihunsa.