Mazubin Shekarar Haihuwata

Da na yi ritaya daga koyarwa, zaman gida a Gesse ya ishe ni. 'Yar maƙwabtanmu, mutanen Filato, ta buɗe ajin koyon rubuta wa kwamfuta umarni a shagon babanta, na ce ta sa da ni. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Mama, da gaske?" Na ce mata gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi.

Darasin farko a kan mazubi ne. Ta ce duk abin da kwamfuta za ta riƙe sai an ba shi mazubi, an raɗa wa mazubin suna, an faɗi irin abin da zai ci. Wani cikakkiyar lamba, wani lamba mai ɗigo irin ta awon kilo, wani rubutu, wani kuwa e ko a'a kawai ya sani. Na ce ai wannan ba sabo ba ne, wa ke zuba manja a randa?

Sai ta ba mu aiki: mazubin suna, na gari, na shekarar haihuwa, don kwamfuta ta lissafa shekarun mutum. Sunana da Argungu suka shiga lafiya lau. A na uku na tsaya.

Akwai shekara a takarduna, amma ba tawa ba ce. Ranar shiga makaranta hedimasta ne ya sa na ɗora hannu bisa kai na taɓo kunne, ya rubuta abin da ya ga dama. Inna kuwa, Allah Ya jiƙanta, ba ta san lamba ba, amma maganarta ɗaya ce: "Shekarar da anka sauke tutar Bature, ruwa ya cika fadama, babanki na bisa gora cikin ruwa yana sun kifi anka kira shi, anka ce an haife ki." Na rubuta maganarta kaf, na danna.

Kwamfuta ta watso min jan rubutu. Raina ya ɓaci, na ce na'urar nan ba ta da kunya.

Malamar ta leƙo. "Mama, mazubin lamba ne. Shekarar samun 'yancin kai ai kowa ya santa, ki sa lambar mana."

"To ina fadamar? Ina goran? Na yi wa gwamnati aiki da shekarar hedimasta har ta sallame ni da ita. Nan kuma kin ce ni ce mai umarni."

Ta nuna min inda zan mayar da mazubin na rubutu. "Amma fa ba za ta iya lissafa shekarunki ba."

Na ce ta bar min su, dama ba na son jin adadinsu.

Na sake dannawa, maganar Inna ta fito a allo. Yarinyar nan ta karanta ta da ƙarfi, da Hausarta ta Jos, har da "anka". Ajin ya fashe da dariya, ni ma na yi, ina share ido da bakin mayafi. Tun da muka binne Inna ban ƙara jin maganar nan a bakin kowa ba. Na ce ta sake karanta min.