Dutsen Washi Mai Launi Biyu

A shekarar da ƙasa ta girgiza a Washington, cikin watan azumi, na rasa dutsen washin mahaifina. Ina zaune a takasi ina jiran fasinja lokacin da abin ya faru, na ɗauka wani ne ya jingina da motar. Da na koma ɗakina a Hyattsville na tarar da komai a inda na bar shi, ban da dutsen. A bakin tagar banɗaki nake ajiye shi ya bushe. Ya faɗo ƙasa ya tarwatse.

Mu wanzamai ne tun kakanni, a Damagaram. Da zan taho, mahaifina ya ba ni ƙaramar zabira, da aska biyu, da wannan dutse. A nan babu mai neman wanzami, ko askin jariri ranar suna ma da almakashi ake yi. Mutum ɗaya nake yi wa aski, wani tsoho Bakano da ɗansa likita ya ɗauko ya ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa a Springfield. Jikokinsa suna jin Hausa, amma da Turanci suke ba shi amsa. Ni kuma iyalina suna gida, ni kaɗai nake kwana nake tashi. Duk Juma'a da safe nakan rataya zabira in tafi. A duk mako, nan ne kawai nake sakin baki in yi hira.

"Ga Sarkin Askan Amurka," in ji shi idan na sauko matakala. "Sarki guda, talaka guda."

"Baba, a sassauta harshe. Yanzu kan Bakano zai shiga hannun Badamagare."

"Ai shi ya sa na yi sallar walaha tun kafin ka iso."

Bayan ƙaramar salla askar ta fara jan gashi. Na shiga kantin kayan gini na sayi dutse, irin na kamfani, mai launin toka. Na ɗora aska ɗaya a kai, bakinta ya yi ƙyalli, na ɗauka ta yi. A kan tsohon na gane ba ta yi ba. Ta cije shi a bayan kunne, ɗan ƙwarzane kawai, amma jinin ya ƙi tsayawa. Ɗansa ya sauko da auduga. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, Baba yana shan maganin tsinka jini. A dakata da askar tukuna, har ta dawo yadda take."

Ya ɗauko injin aski ya ƙarasa ɗaya gefen. Tsohon ya sunkuyar da kai, bai tsokane ni ba, ban tsokane shi ba.

A gida na duba bakin askar a hasken taga, ya zama kamar haƙoran zarto. Na yi ta ƙoƙarin gyarawa a kan dutsen nan har ya cinye ta. Saura ɗaya.

Daga nan na daina zuwa Springfield. A wurinmu wanzami da zabirarsa yake shiga gidan manya. In tafi hannu biyu in zauna, sai na ji kamar na je maula. Sai dai waya.

"Injin nan kuka yake mini a kunne kamar sauro," in ji shi. "Yaushe za ka zo?"

"Sai na samu dutse, Baba."

"Duk duwatsun ƙasar nan?"

Na samu dutsen a kasuwar tsofaffin kaya da ke ci ranar Lahadi a filin ajiye motoci. Yana cikin akwati tare da tsofaffin almakasai da burushin sabulu, kayan wani mai aski da ya mutu. Baƙi ƙirin yake da tsohon mai, tsawonsa bai kai tafin hannu da yatsu ba. Matar da ke sayarwa ta ce ba ta san ko mene ne ba. Na auna nauyinsa a hannu, na ƙwanƙwasa shi da farce. Ƙararsa a dunƙule take, ba irin ta na kamfani ba.

Mahaifina ba ya ɗora aska a kan dutsen da bai san jinsinsa ba. Wani na ruwa ne, wani na mai, wani na wuƙar mahauta ne kawai. Ni kuma aska ɗaya ta rage mini. Na jiƙa dutsen a ruwan zafi da sabulun wanke kwano, in zubar in sake, kullum kafin in fita aiki. Man ya riƙa fitowa a hankali. Ganyen itatuwa sun fara ja kafin in ga fuskarsa. Samansa rawaya ne kamar man shanu, da wasu siraran layuka baƙaƙe kamar gashi. Ƙasansa shuɗi mai duhu.

Na yi masa abin da na ga mahaifina yana yi. Na ɗiga ruwa, ruwan ya tsaya bai nutse ba. Na sa harshe, bai kama ba, santsi kamar tangaran. Na goga shi da guntun tsohon dutsenmu, ruwan ya yi fari kamar madara, ya tashi da ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Duk alamu masu kyau ne. Amma launi biyun ya tsaya mini a rai, domin na kamfanin da ya cinye askata shi ma fuska biyu gare shi, an manna su da gam.

A lokacin ina zuwa ajin manya a laburare ranar Asabar, muna koyon karatu. Na kai dutsen a aljihu. Malamarmu ta juya shi ta ce ita ba ta san duwatsu ba, amma ta zaunar da ni gaban kwamfuta. Na haɗa haruffan kalmomi uku na Turanci, dutse da rawaya da aska. Hotuna suka fito, ga irin nawa a ciki. Ta ce za ta karanta mini, na ce ta bari. Ina so in ji da kaina kafin in ba shi askar mahaifina. Asabar bayan Asabar ina bin layi da yatsa. Na gane daga wani tsauni a ƙasar Beljiyam ake haƙo shi, da ruwa ake washi da shi, kuma idan layin da ya raba launukan ya karkace kamar hanyar ruwa, to haka aka ciro shi daga ƙasa. Na duba nawa. Layin a karkace yake.

Ana cikin haka tsohon ya kira. Ya ce ba zai ƙara yin sanyi a ƙasar nan ba, an yankar masa tikiti.

"Ina so in shiga Kano da askin aska. Kada a ce a Amurka inji ne ya riƙa kiwo a kaina."

Na wasa askar. Ban taɓa jin ƙarfe ya kwanta a kan dutse haka ba, babu ƙara sai ɗan shuu. Na wuce da ita a kan fata, na gwada a dantsena, gashin ya zube ban ji komai ba.

Ranar tafiyar na isa da hantsi. Akwatuna suna cikin mota. Tsohon yana zaune a falo da babbar riga. Ya cire hula ya nuna mini. An riga an yi masa da inji.

"Ka makara, Sarki. An yi maka juyin mulki."

Na fito da dutsen na ba shi. Ya shafa, ya kai hanci.

"Ina ne garinsu?"

"Beljiyam."

"Shi ma baƙo ne ashe." Ya juya wajen ɗansa. "Likita, ƙeya kawai."

Ɗan ya duba agogo, ya dubi askar, ya ce a yi a hankali. Na jiƙa ƙeyar da ruwan ɗumi na bi layin gashin sau ɗaya. Tsohon ya rufe ido. Na gama, na goge askar.

Ban ƙara ganinsa ba. Dutsen yana nan, yanzu a cikin zabira nake ajiye shi, nesa da taga. Kaina kawai nake aske wa.

Abin da na rasa a shekarar nan: dutsen mahaifina, aska ɗaya, duk Juma'o'in da ke tsakanin ƙaramar salla da shigowar sanyi, da mutum ɗaya da ke kirana Sarkin Aska.