Kwamfutar Baba da kwamitin bincike

Tun bayan sallar Asuba na tarar da Baba a falonsa na Nassarawa GRA, ya tasa kwamfutarsa a gaba, ita kuma ta ƙi tashi. Sai ta rubuta wai tana gyara kanta, ta mutu, ta sake kunnuwa. A ciki kuwa akwai tarihin zuri'armu da ya shekara shida yana rubutawa.

Na ce, "Baba, kun ajiye kwafi?"

Ya ce, "Har biyu."

"A ina?"

Ya nuna kwamfutar.

Na ɗauko fulash ɗina mai manhajar gyaran diski ta wani kamfani daban, na tayar da kwamfutar da shi. Kafin Azahar manhajar ta gano inda ya lalace ta gyara, rubutun ya dawo cif.

Baba, tsohon babban sakatare, ko sannu bai ce min ba. Ya gyara zaman gilashinsa ya ce, "Shekara talatin ina faɗa, ma'aikata ba ta binciken kanta. Daga waje ake kawo kwamiti."

Fulash ɗin ma ya riƙe, wai kwamiti bai miƙa rahoto ba.

Ku fa, ina kwafinku yake? Don Allah kada a nuna min kwamfuta.