Malam Inuwa da Makullin Ɗakin Karatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, Allah ya karɓi ran Malam Inuwa Ashafa, mai kula da ɗakin karatu na garinmu Ikara, bayan doguwar jinya.

Malam, ni ne Tanko na Malikanchi, wanda ka koya wa baƙi a ajin yamma bayan furfura ta fito mini. Kana kama hannuna kana cewa fensir ba fartanya ba ne, in sassauta riƙo. Da wannan hannun nake rubuta maka ta'aziyya.

Ka yi karatun aikin adana littattafai a Ingila, ka dawo gida. Waɗanda kuka tafi tare, yawancinsu can suka zauna. Sannan ka shiga horar da na bayanka. Elias ka fara koya wa jera kati da ɗinke littafin da ya yage. Aka kai shi kwas ƙasar waje, ya dawo da takardar sanin kwamfuta, ya tarar ko wutar kirki babu a ɗakin, ya tafi Botswana. Lado ya biyo baya, shi ma Saudiyya ta ɗauke shi. Ba ka taɓa zaginsu ba. Ka ce da iyali gare su, kuma albashin nan ba ya kai su ƙarshen wata.

Da gwamnatin soja ta kawo tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, sababbin littattafai suka daina zuwa. Na sha iske ka durƙushe kana zuba toka da baƙin mai a gindin kantoci don gara. Sai aka sanar da kai cewa ranar da ka bar aiki, in babu mai takardar wannan fanni, za a mai da ɗakin ma'ajiyar takin zamani. Wannan magana ta fi ciwon cin ka.

A lokacin ne ka zo har gona ka roƙe ni in bar jikata Zulai ta je Zariya ta karanci aikin. Na ce ita ma in ta samu takarda guduwa za ta yi. Ka ce, "Baba Tanko, ko goma za su gudu, zan koya wa na sha ɗaya."

Ta gama kana kwance. Wata ƙungiyar Turawa ta yi mata tayin aiki a Legas, har da alkawarin ƙarin karatu a waje. Ban hana ta ba, don ban ga abin da zan ba ta a madadinsa ba. Kai ma da ta zo duba ka, ba ka roƙe ta ta zauna ba. Tambayarta kawai ka yi ko a Zariya sun koya musu maganin gara, ta yi dariya ta ce a'a, Malam.

Bayan sadakar uku Zulai ta je gidanka, ta durƙusa gaban maiɗakinka Azumi, ta karɓi makulli. Da safe ta buɗe ɗakin ta share. Na tsaya a bakin ƙofa, tsoho da ni, murna ta cika ni ina kuka. Ban san shekara nawa za ta iya jurewa ba. Baƙin cikina, ba ka gani ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Azumi da 'ya'yanka da duk ɗalibanka na ajin yamma. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Malam, buhunan taki ba su shiga ba. Ɗakinka a buɗe yake.