Zaman da Gwaggo Rifkatu ta kai ƙofar manaja

Shekara bakwai ke nan da muka binne Gwaggo Rifkatu a nan Greensboro ta Amurka, nesa da Kagoro inda aka haife ta. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni da na zo karatu, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a ƙaramar majami'armu ta masu jin Hausa da ke gabashin gari. Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina. Ni ba mai son hayaniya ba ce, kuma ina tsoron in sa mata magana a baki alhali ba ta nan balle ta gyara mini. Sai dai abin da ya taso a majami'armu kwanan nan ya hana ni yin shiru.

Duk wanda ya tashi a coci a gida ya san zanin zumunta. Iri ɗaya ne, ana ɗaura shi da farar riga, kuma ba don kwalliya ba. Idan aka yi rasuwa, kafin dangi su gama taruwa matan zumunta sun iso, sun shimfiɗa tabarma sun zauna. Wata ta rungumi tulu tana bugun bakinsa, sauran suna amsa waƙa. Ba sa tashi sai mai gidan ya samu ƙafar tsayawa. Da wannan al'ada muka ƙetaro teku.

Gwaggo tana aiki a gidan kula da tsofaffi tare da wata Musulma 'yar Maraɗi, Maryama, wadda ke haya a jerin gidajen da ke bayan titin Gate City Boulevard. A tsakiyar sanyi hitar ɗumama ɗakinta ta mutu, fumfuna ta ci bango, ga 'yarta mai asma. Ta kai kuka ofishin manajan gidajen har ta gaji. Amsar da ta samu ita ce ta nemi wani wuri.

Ran Lahadi bayan sujada Gwaggo ta miƙe ta ce, "Mata, gobe akwai zama. Kowa ta ɗaura zaninta."

Mama Saratu, mai bugun tulu, ta dafe ƙirji. "Yesu! Wa ya rasu?"

"Babu tukuna," in ji Gwaggo. "Shi ya sa za mu je da wuri."

Ina cikin waɗanda suka kai su a mota. Sun shimfiɗa tabarma a gefen titi, daidai ƙofar ofishin, sun sa riguna masu kauri a kan zanin, suka fara waƙa da Hausa. Manajan ya leƙo ya koma. Ɗan sanda ya zo, ya ga ba su tare hanya ba, ya tafi. Washegari suka dawo, haka ma rana ta uku, har wasu mata baƙaƙen Amurka daga wata majami'a da ke kusa suka zo da kujerunsu da shayi a fulas. Ba zan ce waƙa ce ta gyara hita ba. Wata lauya ta shigo maganar, kuma wataƙila ita ta fi tsorata masu gidajen. Abin da na gani da idona shi ne an gyara, an kankare bangon, Maryama ba ta tashi ba.

Dattawan majami'a ba su ji daɗi ba. Suka kira Gwaggo suka ce zanin nan tsattsarka ne, ba tutar zanga-zanga ba, kuma matar ma ba tamu ba ce. Ta durƙusa ta gaishe su yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba, sanyi ya tambaye ta addininta kafin ya shiga ɗakin? In zanin nan sai an mutu ake fito da shi, to ku canza masa suna, ku ce likkafani." Ta ƙara da cewa Yesun da muke yi wa waƙa ya fi zama a ƙofar waɗanda aka danne fiye da cikin gini.

Yau ga mu mun koma gidan jiya. Asabe, gwauruwa mai 'ya'ya a majami'armu, tana zaune a waɗancan gidaje. Ruwan bayan gida yana tsattsafowa ta ƙasan ɗakin yaranta. Ta yi magana, an ce ta tattara kayanta. A makon da matan suka fara raɗe-raɗin zama, kwamitin dattawa ya sanar cewa daga yanzu ba a ɗaura zanin zumunta sai a sujada, biki ko jana'iza. Aka ce a sa Asabe a addu'a.

Ina so in yi musu adalci. Tsoronsu ba na banza ba ne. Akwai matan da takardunsu ba su kammala ba, kuma yanzu kowa da waya a hannu, hoto ɗaya zai iya jefa iyali cikin wahala. Ni ma na kwana da wannan tunani, kuma ban tabbata na san duk abin da suka sani ba. Ina jin Gwaggo da kanta za ta ce wa waɗannan matan su zauna a gida su dafa wa masu zama abinci. Amma mu fa? Mu da muka samu takardu da digiri, wasunmu har sun sayi gida kusa da Irving Park, unguwar masu kuɗi? Tsoron wasu ne muka ara muka lulluɓa da shi. Ban iya hango Gwaggo tana karɓar wannan uzuri daga bakina ba. Addu'ar da ta koya mini tana da ƙafafu.

Me ya rage nata? Muryarta ta tafi, ban gaji ko rabinta ba. Tulun Mama Saratu ya tsage, an ɗaure shi da tef. Yaranmu ba su iya waƙoƙin ba, da Turanci suke amsa mana. Abin da ya rage shi ne zaninta da ke cikin akwatina, da kuma sanin lokacin zuwa: tun mutum yana numfashi, tun kayansa ba su kai bakin titi ba.

Jiya Maryama ta kira ni. "Hannatu, na ji an hana ku zani. Ni dama ba ni da shi, amma ina da tabarma. Ƙarfe nawa?"

Na ce mata Litinin da safe. Mai yiwuwa mu biyu ne kawai. Mai yiwuwa kwamiti ya kira ni, zan je, zan durƙusa in gaishe su. In wani daga cikinsu ya tambaye ni wa ya rasu, ya riga ya san amsar, domin yana wurin ranar da Gwaggo ta fara ba da ita: babu tukuna.